Tsofaffin finafinan Hungari da ake gyarawa: me ya sa hoton ya fi komai muhimmanci a cikinsu?

Tun daga wajen 2017 zuwa yau tsofaffin finafinan ƙasar Hungari sai fitowa suke a faifan Blu-ray ɗaya bayan ɗaya, an wanke su an gyara su tas, da yawansu ma a 4K, wato hoton dijital mai matuƙar kaifi, aka yi aikin. Kamfanoni irin su Second Run a Ingila, da Kino Lorber da Arbelos da Criterion a Amurka duk sun shigo harkar. Wanda bai san dawan garin ba zai ce to meye a ciki, ai tsohon fim tsohon fim ne, ko an goge shi ko ba a goge ba labarin dai shi ne. Ni kuwa a ganina wannan maganar ba ta hau kan waɗannan finafinan ba sam, don su labarinsu ba a bakin 'yan wasa yake ba, a cikin hoton yake, in hoton ya lalace to maganar ce ta tafi gabaɗaya. Kuma akwai dalilin da ya sa suka zama haka.

A 1948 gwamnatin kwaminisanci ta karɓe harkar fim ta ƙasar kacokan, situdiyo nata, kuɗi nata, gidajen sinima nata. A watan Oktoba 1956 mutanen Hungari suka yi bore, ranar 4 ga Nuwamba tankokin Tarayyar Sobiyet suka shigo Budapest, babban birnin ƙasar, suka murƙushe su, mutum wajen 200,000 suka tsere daga ƙasar, shugaban gwamnatin boren Imre Nagy kuma aka rataye shi a 1958. János Kádár ya karɓi mulki ya riƙe har 1988. To shi mulkin Kádár bayan ya gama kame-kame da rataye-ratayensa sai ya ɗan sassauta, mutumin da ke riƙe da harkar al'adu, György Aczél, ya raba aikin masu fasaha kashi uku: wanda gwamnati ke goya wa baya, wanda za ta kau da kai a kansa, da wanda aka hana. Duk daraktan da ke da abin faɗa a wancan kashin na tsakiya yake neman gurbi, kuma babu wanda zai gaya maka takamaimai inda iyakar take, sai ka taka ka gani. Ba za ka iya sa ɗan wasa ya buɗe baki ya ce an zalunce mu a 1956 ba, amma za ka iya ɗauko wani zamani can baya ka nuna yadda mai iko ke wulaƙanta wanda ke hannunsa, 'yan kallo su gane hannunka mai sanda ake musu. Hukumar tace fim takarda take karantawa, kalmomi take ƙirgawa, shi kuma darakta sai ya zuba saƙon a inda ya ajiye kyamara, da nisan da ke tsakanin mutum da mutum, da tsawon lokacin da zai bar ka kana kallon abu ɗaya bai yanka ba.

Babu wanda ya kai Miklós Jancsó a wannan. Fim ɗinsa da ake sayarwa da sunan The Round-Up, wanda ya fita a 1966, labarin ƙarshen shekarun 1860 ne, bayan Ostiriya ta murƙushe tawayen 1848, an tattaro manoma da makiyaya an kulle su a wani sansani a tsakiyar fili fetal, hukuma na neman tace waɗanda suka yi yaƙi ƙarƙashin ɗan tawayen nan Sándor Rózsa. Ba bugu ne babban makaminsu ba, a'a, sai su kama mutum ɗaya da suka san ya yi kisa su ce masa in ka nuna mana wanda ya fi ka kashe mutane za mu bar ka da ranka, shi kenan sai mutumin ya koma cikin 'yan uwansa yana sunsune yana nuna wannan yana nuna wancan, kowa ya daina yarda da kowa. A ƙarshe aka yaudare su da cewa za a kafa runduna da tsofaffin mutanen Sándor, suka fito da kansu suna murna, aka sanar an yi wa shugabansu afuwa suka ɓarke da waƙa, sannan aka ƙarasa sanarwar cewa afuwar ba ta shafe su ba, aka rufe musu kai da buhu. Mutum sama da miliyan ɗaya suka kalli fim ɗin a ƙasar da gabaɗayanta wajen miliyan 10 ce, kuma sai da Jancsó ya fito ya faɗa a bainar jama'a cewa fim ɗin ba shi da alaƙa da abin da ya biyo bayan 1956, alhali kowa ya san da me ya yi kama.

Yanzu ga inda maganar gyara ta shigo. An ɗauki fim ɗin ne da hoto mai faɗi sosai, irin wanda faɗinsa ya ninka tsayinsa sau biyu da ɗoriya, kuma Jancsó da mai ɗaukar hotonsa Tamás Somló sun yi amfani da kowane lungu na faɗin nan. Fursuna yana gefen hagu an ce masa tafi an sake ka, yana ta tafiya cikin filin da babu ko bishiyar da zai laɓe, kai kuma kana hango mahaya doki suna shigowa ta can ƙarshen dama tun shi bai gan su ba. Tsoron fim ɗin kenan, filin a buɗe yake amma babu wajen gudu. To da aka zo zamanin talabijin mai allon da faɗinsa bai fi tsayinsa sosai ba da kaset na bidiyo, fim mai irin wannan faɗin ko dai a datse gefe da gefe, sama da kashi 40 cikin 100 na hoton ya tafi, ko a matse shi ya koma ɗan siriri a tsakiyar allo komai ya dishe. In an datse, mahayan nan ba ka ganinsu sai sun iso, abin da ya rage kawai wani mutum ne yana tafiya sai aka kama shi. Haka ma The Red and the White na 1967, wanda aka yi da haɗin gwiwar Sobiyet don bikin cika shekara 50 da juyin juya halinsu, amma da suka ga babu jarumi a ciki, kisa ne kawai yana sauya hannu tsakanin ɓangare biyu, sai suka yanke shi daga baya ma suka hana nuna shi a can. Wajen ƙarshe akwai inda 'yan tsirarun sojoji sanye da fararen riguna ke gangarowa daga tudu a jere suna waƙa, suna nufar sahu-sahun abokan gaba a bakin kogi, kyamara na can nesa a bayansu ba ta matso ba. A tsohon kwafi ɗigo-ɗigo ne kawai kake gani, a wanda aka gyara kuwa mutum ɗaya-ɗaya kake ƙirgawa suna faɗuwa. Shi ya sa nake cewa mugun kwafi ya yi wa finafinan nan abin da hukumar tacewa ta kasa yi musu.

A 2022 Kino Lorber ta fitar da finafinan Jancsó guda 6 a akwati ɗaya, duk daga gyaran 4K na ma'ajiyar finafinan ƙasar Hungari, ciki har da Red Psalm da ya ci masa kyautar gwarzon darakta a bikin finafinai na Cannes a Faransa a 1972, da Electra, My Love na 1974 wanda ɗauka 12 kacal ce a fim ɗin gabaɗaya, kowace ɗauka minti da minti kyamara na zagaye da ɗaruruwan mutane da dawakai ba a yanka ba.

To wai ya ake gyaran ne? Mutane da yawa sun ɗauka manhaja ce ake loda wa fim a danna ta fito da shi sabo, wallahi ba haka ba ne. Farko sai an nemo asalin zaren da ya fito daga cikin kyamara ranar ɗauka, wato nigatif, don duk kwafin da aka buga daga jikinsa ya rage kyau, wanda aka buga daga kwafin kuma ya ƙara raguwa. Shi kuma zaren nan abu ne mai ciwo iri-iri. Na da can, har zuwa wajen shekarun 1950, da sinadarin naitiret ake yin sa, yana kama wuta cikin sauƙi kuma in ya kama ko a ruwa ka tsoma shi ba lallai ya mutu ba, in ya tsufa kuma sai ya yi danƙo daga baya ya koma gari. Wanda ya gaje shi ba ya cin wuta haka amma in zafi da laima suka same shi sai ya fara warin binega, ya ƙanƙance ya lanƙwashe har ya ƙi shiga inji. Mai kala kuma launukansa ba tare suke koɗewa ba, wasu na riga wasu tafiya, shi ya sa tsohon fim ke komawa jaja-jaja. Sai an zauna da hannu an bi zaren taku-taku, an liƙe inda ya yage, an gyara 'yan ramukan gefe, an wanke shi, sannan a ɗora a injin sikanin ya ɗauki hoton kowane firam, wato kowane ɗan hoto ɗaya da ke jikin zaren, shi kaɗai. Firam 24 ne a daƙiƙa ɗaya, kenan fim mai minti 90 ya kai firam 129,600. Kwamfuta na taimakawa wajen gano ƙura da ƙarzuwa amma dole mutum ya bi bayanta, don ita ba ta san bambancin datti da tsuntsun da ya gifta can nesa ba, ko ruwan sama, ko ƙyallin takobi, sai ta share su duka. Sauti ma aikinsa daban, a rage shuu ɗin tsufa ba tare da an kashe muryar mutane ba.

Amma inda aka fi kai ruwa rana shi ne wajen hukunci, ba wajen inji ba. Shi zaren fim yana da wani yashi-yashi a jikinsa wanda da shi hoton ya ginu tun asali, ba datti ba ne. Akwai masu gyaran da ke goge shi don 'yan kallon yanzu sun saba da hoton dijital mai santsi, sai fuskar mutum ta koma kamar hoton amaryar da mai hoto ya goge a kwamfuta har danginta ba sa gane ta. A fim irin Love na Károly Makk, na 1971, wannan ɓarna ce babba, don fim ɗin kusan rabinsa a kan fuskar tsohuwa yake, Lili Darvas, tana kwance a gado tana jiran ɗanta. Ɗan yana kurkuku saboda siyasa, matarsa, wadda Mari Törőcsik ta fito a matsayinta, ita ke rubuta wasiƙun ƙarya da sunansa wai yana Amurka yana shirya fim, tana kawo wa surukarta don kar baƙin ciki ya kashe ta. Ko tsohuwar ta yarda da wasiƙun ko ta gane tana dai rufa wa surukar tata asiri ne, babu inda aka faɗa, a tamojin fuskarta da motsin idonta za ka nema. Goge wannan ka ga me ya saura. Haka batun launi da haske, yaya duhun dare ya kamata ya kai, jan nan ja ne sosai ko ya ɗan yi ƙasa-ƙasa? Nigatif ba ya ba da amsa shi kaɗai, shi ya sa in darakta ko mai ɗaukar hoton na raye ake zaunar da shi a gaban allo, in ba ya raye a nemo tsohon kwafin sinima mai lafiya a yi koyi da shi. Ni ina tare da masu cewa aikin mai gyara ya tsaya a maido da abin da mutanen wancan lokacin suka gani a sinima ranar farko, kar ya ƙara masa kyan da ba shi da shi.

Sai kuma tambayar wanne ne ma fim ɗin na gaskiya, in hukuma ta riga ta sa almakashi a ciki. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne The Witness na Péter Bacsó, an gama shi a 1969 aka kulle shi wajen shekara 10, sai a 1981 ya je Cannes. Fim ne na barkwanci mai ɗaci a kan zamanin Rákosi, shugaban kwaminisancin Hungari na farkon shekarun 1950, wani talaka mai gadin madatsar ruwa a bakin kogin Danube aka kama shi kan ya yanka dabbarsa ba da izini ba, daga nan manya suka dinga ɗora shi a muƙaman da bai san kansu ba, har da shugabancin cibiyar binciken noman lemon zaƙi a ƙasar da lemon zaƙi ba ya yi, duk don su tanade shi ya zo ya yi shaidar zur a kan abokinsa a kotu. Wanda mutane suka sani shekara da shekaru wanda aka taɓa ne. Da ma'ajiyar ta zo gyara sai ta koma kan nigatif da guntayen da aka cire da wani kwafi da ya tsira ba a tace shi ba, ta haɗa fim ɗin yadda yake kafin a sa masa hannu, aka nuna shi a sashen tsofaffin finafinai na Cannes a 2019. Wannan kam ya wuce goge datti.

Wa ke biyan kuɗin duk wannan? Yawanci gwamnatin Hungari ce. An kafa ma'ajiyar finafinan ƙasar a 1957, a 2017 aka mayar da ita ƙarƙashin asusun fim na ƙasa aka fara shirin gyara na dogon zango, daga 2020 kuma ita da ɗakin wankin fim suna ƙarƙashin cibiyar fim ta ƙasa, wadda ta buɗe dandalin kallo a intanet mai suna Filmio a ƙarshen shekarar. Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne da yake gwamnati ce ta mallaki situdiyo a wancan zamanin, nigatif ɗin a hannu ɗaya suka taru, har na finafinan da aka hana nunawa an ajiye su ba a ƙona ba. Su kamfanonin waje lasisi suke saya, su sa sabtaitil na Turanci, su ƙara hira da sharhi da ɗan littafi, su buga faifai. Amma ba duka ne ta wannan hanyar ba, Arbelos da kanta ta jagoranci gyaran Sátántangó na Béla Tarr tare da ɗakin wankin fim na Budapest, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2019 lokacin da ya cika shekara 25, haka ma katun ɗin Marcell Jankovics na 1981, Son of the White Mare, wanda launi ne jininsa da tsokarsa.

Shi Sátántangó ya isa a tsaya a kansa don shi ne ya fi nuna amfanin faifan gida. Fim ne baƙi da fari mai awa 7 da 'yan mintoci, daga littafin László Krasznahorkai wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 2025, labarin wata gonar haɗin gwiwa da ta durƙushe, mutanenta na zaune cikin ruwan sama da taɓo suna jiran wani mayaudari da suka ɗauka mai ceto ne. Wane gidan sinima ne zai ba fim ɗaya yini guda? Kaɗan ne ƙwarai, a manyan birane, sau ɗaya a shekaru. Don haka yawancin masu son sa a duniya a dishi-dishin DVD suka san shi, inda ruwan saman da taɓon da bangon da ya jiƙe duk suka haɗe suka zama toka. Firam sama da 600,000 aka bi wajen gyaransa. Na yarda akwai abin da gida ke ragewa, Tarr ya gina fim ɗin ne don ka zauna lokaci ya yi maka nauyi yadda ya yi wa mutanen ƙauyen, a gida kuwa ga waya ga sallama ga rimot a hannu. Amma tsakanin ka kalle shi kashi-kashi a falo da kar ka taɓa ganinsa har abada, ai zaɓin a fili yake. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne kallon Jancsó ko Tarr a allon waya, nan kam ka koma gidan jiya, ka sake datse abin da aka sha wahalar maidowa.

Wani alherin gyaran shi ne ya fito da waɗanda aka manta. Márta Mészáros ita ce mace ta farko da ta ci babbar kyautar bikin Berlin, a 1975, da fim ɗin Adoption, labarin wata ma'aikaciyar masana'anta mai shekara 40 da ɗoriya da ke son haihuwa da wata yarinya da ke gidan renon marasa galihu. Ita Mészáros, wadda mahaifinta, mai sassaƙa, ya hallaka a kamen zamanin Stalin bayan sun yi hijira zuwa Sobiyet, ta yi finafinai da dama amma shekaru masu yawa samun su a waje sai an sha wuya, sai a 2022 Criterion ta fitar da wannan. Second Run kuma ta fito da Merry-Go-Round na Zoltán Fábri, wanda ya je Cannes a 1956 ya kuma fito da Törőcsik tana 'yar shekara 20.

Waɗanda suka tsira kenan fa. Daga finafinan zamanin da babu sauti, wajen 600 da aka yi a ƙasar, mafi yawansu sun ɓace, abin da ya rage bai wuce ɗaya cikin goma ba. Wani lokacin sa'a ce kawai, kamar The Undesirable da Mihály Kertész ya yi a tsakiyar shekarun 1910, mutumin da daga baya ya koma Amurka ya zama Michael Curtiz daraktan fim ɗin Casablanca, an ɗauka fim ɗin ya tafi sai aka tsinci kwafinsa a ɗakin ƙasa na gidan al'adun 'yan Hungari a New York, aka mayar da shi gida aka gyara ya sake fitowa a 2014. Mu ma mun ga irin haka da Shaihu Umar na Adamu Halilu na 1976, da aka gano zarensa a ma'ajiyar hukumar fim ta Najeriya a 2016, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi aka nuna a can a 2018.

Ga wanda ke son nema, a kula da lambar shiyya. Faifan Blu-ray na Amurka yawanci shiyyar A ne, Turai da Afirka kuma shiyyar B, kenan injin da aka yi don kasuwar nan zai fi karɓar na Ingila, na Amurka sai in injin mai buɗaɗɗiyar shiyya ne ko faifan da kansa ba a kulle shi ba, a duba bayan kwalin kafin a biya. Faifan 4K na asali shi ba shi da wannan kullen amma yana buƙatar injinsa daban. Sannan gaskiya ita ce ba duka ne na zama da iyali ba. Jancsó yana yawan nuna tsiraici, a finafinan farko don nuna yadda mai bindiga ke tozarta ɗan Adam, a na baya kuma ya fi yawa, Sátántangó ma akwai wani dogon waje na yarinya da mage da ke da wuyar kallo sosai. Wanda bai saba da irin wannan tafiyar hawainiyar ba ya fara da Love, bai kai awa ɗaya da rabi ba sosai kuma labarin suruka da matar ɗa ne da kowa zai gane, daga nan The Witness, sannan ya shiga The Round-Up a allo mafi girma da zai iya samu, ya kuma tabbatar bai danna maɓallin da ke cika allo ba, baƙin layin sama da ƙasan nan a bar shi yadda yake.